Jakar ruwa a huhu: tiyatar da ba sai an buɗe ƙirji ba

Ba kowane tari mai jini ne tarin fuka ba. Akwai wanda zai yi watanni yana shan maganin tibi babu sauƙi, sai hoton ƙirji ya nuna wani abu zagayayye kamar ƙwallo a huhunsa. Wani lokaci jakar ruwa ce da wata ƙaramar tsila mai suna Echinococcus ke haddasawa.

Wannan tsila a hanjin kare take zama, ƙwayayenta kuma na fita da kashinsa. Tumaki, awaki, shanu da raƙuma na haɗiye su wajen kiwo, mutum kuma ta hannun da bai wanke ba, ko ganye, ko ruwan da ya gurɓata. Mahautanmu sun san ta: ita ce ƙullutun ruwan da suke yankewa daga hanta ko huhun dabba. Cin nama ba ya sa wa mutum ita. A jikin mutum hanta ta fi kamawa, sai huhu, kuma takan yi shekaru tana girma shiru. In ta fashe, mai ita kan tofar da ruwa mai gishiri-gishiri.

A huhu, tiyata ce babban magani. A da sai an yi doguwar tsaga tsakanin haƙarƙari an buɗa su, ciwon kuma ya daɗe. Yanzu likita na iya yin ƙananan huji biyu ko uku, ya zura siririyar kyamara da kayan aiki, yana kallo a allon talabijin. Ana dakatar da huhun ɓangaren, a kewaye wurin da bandeji jiƙe da ruwan gishiri mai ƙarfi, a zuƙe ruwan jakar, a cire fatarta, a ɗinke ƙofofin iskar da ta bari. Duk wannan taka-tsantsan saboda ruwan ne: in ya zuba a ƙirji yana iya haifar da sababbin jakunkuna, ko ya jefa jiki cikin mummunan rikici nan take. Zafi bayan aikin kaɗan ne, ana kuma saurin komawa gida, galibi da ƙwayoyin albendazole.

Amma kada iyali su nace sai wannan hanya. Jakar da ta yi girma sosai ko ta yi zurfi, buɗe ƙirjin ya fi aminci, kuma likita kan sauya shawara ana cikin aiki. A ganina tambayar da ta fi ita ce: sau nawa ya yi irin wannan tiyata? Kada kuma a yarda wani ya soka allura ya zuƙe ruwan, ko a sayi albendazole a kemis a fara sha, domin yana iya sa jakar huhu ta fashe.

In an yi yanka, na layya ko na suna, kayan cikin da aka ga ƙullutu a jiki a ƙona su ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare. Mai karen gadi kuma ya riƙa kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi praziquantel.