A Taimaki Masunta Su Rage Shan Mai, Amma Da Sharaɗi

Jama'ar Allah, ba kowa ne ke tuna cewa kifin da ke cikin miyarsa da mai aka kamo shi ba. Babban jirgin da ke jan taru a teku yana shan dizal, ƙaramin kwalekwale mai inji kuma yana shan fetur, a wurare da dama kuwa kuɗin mai yana cikin manyan abubuwan da ke cinye ribar masunci. An ga haka a fili a shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin dizal ya yi tashin gwauron zabo, har masunta a Sifen da Italiya suka ɗaure jiragensu a tasha domin fita kamun kifi ta zama hasara.

Hanya biyu ce gwamnatoci ke bi su agaza wa masunta. Ta farko ita ce a rage musu kuɗin mai. Ta biyu kuwa ita ce a ba su tallafi su sayi kayan da za su sa jirgi ya rage shan man. Mu dai muna goyon bayan ta biyu, muddin an gindaya mata sharaɗi.

Tarayyar Turai ta ware kusan Yuro biliyan 6.1 domin harkokin teku da kamun kifi daga 2021 zuwa 2027. Daga cikin wannan asusu, mai jirgin da tsawonsa bai wuce mita 24 ba yana iya samun taimako ya sake inji. To, amma kada sabon injin ya fi tsohon ƙarfi, in kuma jirgin ba ya cikin ƙanana masu kamun kifi a bakin gaɓa, dole ne hayaƙin da sabon injin ke fitarwa ya ragu da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Bugu da ƙari, ba a ba da taimakon ga rukunin jiragen da yawansu ya riga ya fi ƙarfin kifin da ke ruwa.

Me ya sa aka yi wannan tsanani? Domin kuwa jirgin da tafiyarsa ta yi araha yana iya zuwa nesa, ya daɗe a ruwa, ya kwashe kifi fiye da dā. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2021 kashi 37.7 cikin ɗari na rukunonin kifin teku da ake bin diddiginsu ana kama su fiye da yadda za su iya hayayyafa. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Hukumar Cinikayya ta Duniya a watan Yuni 2022, a zamanin shugabancin 'yar ƙasarmu Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta hana tallafa wa masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Ta fara aiki a watan Satumba 2025.

Hanya ta farko kuwa mun ga inda take kaiwa. A Ghana an daɗe ana sayar wa masu kwalekwale gaurayayyen mai da rangwame, an kuma daɗe ana kuka cewa wasu na karkatar da shi su sayar da tsada. Man rangwame yau za a zuba, yau za a ƙone. Inji mai tattali kuwa yana rage kashe kuɗi kowace rana har ya tsufa.

Wannan magana ta shafe mu. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Masunta a Tafkin Chadi, da Kainji, da Yawuri, da 'yan'uwanmu masu bi da ke bakin kogin Binuwai a Numan da Lau da Ibi, duk sun ji a jikinsu. Da yawa suna aiki da injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, alhali akwai wanda ba a gauraya masa, mai ƙarancin shan mai, sai dai ya fi tsada. Talaka ba ya iya sayensa kai tsaye, sai ya ci gaba da biyan abin da ya fi haka kaɗan kaɗan a gidan mai.

Bisharar Markus ta nuna mana cewa Yesu ya tarar da Yaƙub da Yohanna a cikin jirgi suna gyaran taru, tare da mahaifinsu Zabadi da 'yan ƙodago. Ashe sana'a ce sosai wadda ke ciyar da gidaje. Littafin Farawa kuma ya koya mana cewa Allah ya danƙa kifayen teku a hannun mutum. Amana ce, mai riƙon amana kuwa za a tambaye shi lissafi.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya, wadda aka kafa a 2023, da gwamnatocin jihohi, su fito da irin wannan tallafi bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a fara da ƙananan masunta ta hannun ƙungiyoyinsu na gama kai, kada masu uwa a gindin murhu su wawashe. Na biyu, wanda ya karɓa ya yi alkawarin barin taru mai ƙananan idanu, da zuba guba a ruwa, da kamun kifi a lokacin da aka hana. Na uku, a buga sunayen waɗanda suka amfana kowa ya gani.

Ikkilisiyoyi ma suna da nasu aikin. Dattawa da Zumuntar Mata sun san adashi, sun kuma san wanda ke da riƙon amana. Su taimaki masunta su kafa ƙungiya, su rubuta man da suke saye da kifin da suke kamawa, domin ranar da tallafi ya zo ya tarar da su a shirye.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya kuma albarkaci aikin hannun masunta. Amin.