Garmaho: Mai Ƙira Daban, Mai Cin Riba Daban

Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya bi tarihin cinikin garmaho zai ga gaskiyar wannan karin magana.

A cikin 1877 ne Thomas Edison, mutumin Amurka, ya ƙera na'ura ta farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Amma shi a ganinsa babban amfaninta yana ofis, inda maigida zai faɗi wasiƙa, akawu ya saurara ya rubuta. Muryar kuwa ana zana ta ne a jikin wani abu mai siffar gwangwani, wanda ke da wuyar ajiya, da farko kuma da wuyar kwafa.

Bayan shekara 10, sai wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe, wanda daga uwa guda ake iya buga dubbai. Wani maƙeri kuma, Eldridge Johnson, ya haɗa masa inji mai wani da hannu, sa'an nan ya kafa kamfanin Victor a 1901.

To, a nan ne fa aka yi wa Edison fintinkau. Masu faifai sun gane cewa jama'a ba ƙarfe suke saye ba, mawaƙi suke saye. A 1902 wakilin kamfanin Gramophone na London, Fred Gaisberg, ya ɗauki waƙoƙi 10 na Enrico Caruso a birnin Milan a kan fam 100. Faifan suka yi kasuwa, suka jawo wa garmaho daraja a gidajen manya. Victor kuwa ya ɗauki Caruso, ya riƙa tallar sunansa.

Shi ko Edison, duk da yake kunnensa ba ya ji sosai, ya nace shi zai riƙa zaɓen waƙoƙin kamfaninsa. Ko da ya sallama ya fara yin faifai a 1912, da farko bai yarda a buga sunan mawaƙi a jiki ba. A 1929 ya daina cinikin ɗungurungum, a shekarar da kamfanin RCA ya sayi Victor.

Abin lura ga masu sana'a shi ne, gwanintar ƙira ba ta isa ta riƙe kasuwa ba. Wanda ya san abin da mai saye ke so, shi ke kwashe riba, ko da kuwa wani ne ya share masa hanya.