MAI RIƘE DA KALANDA SHI KE FID DA GWANI

Duk lokacin da aka kammala zaɓen fid da gwani a ƙasar nan, jama'a suka ga yadda ake cinikin wakilai tamkar awaki ranar kasuwa, sai ka ji wasu 'yan bokonmu suna kaɗa kai, wai ai laifinmu ne da ba mu kwaikwayi Amurka yadda ya kamata ba. A cewarsu, a can 'yan takara jeruwa suke yi a bainar jama'a, a tafka muhawara, talaka ya saurara da kunnensa ya zaɓi gwaninsa. Tun 1979 da aka kwaso mana tsarin shugaba mai cikakken iko daga can muke shan wannan karatu. To, mu ba za mu tsaya cacar baki da su ba. Kalandar Amurkawan za mu buɗe musu, domin a cikinta ake ƙulla abin da ake ƙullawa tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Mu fara da shekarar 2015. Uwar jam'iyyar Dimokarat, ƙarƙashin shugabancin Debbie Wasserman Schultz, ta yanke cewa muhawara shida kacal za a yi tsakanin masu neman tutar jam'iyyar, alhali a kakar zaɓen 2008 an yi sama da 20. Ta kuma gindaya sharaɗi cewa duk ɗan takarar da ya halarci wata muhawara wadda ba ta sa wa albarka ba, to ya haramta wa kansa nata dandamalin. Sanin kowa ne cewa wanda ya riga ya yi suna, irin su Hillary Clinton, ba ya buƙatar muhawara, hasali ma tsoronta yake yi, don kuwa tuntuɓen harshe ɗaya kan iya rusa ginin shekaru. Mai buƙatarta shi ne wanda ba a sani ba, wanda ba shi da kuɗin sayen talla a talabijin.

Amma abin lura na gaske yana ga ranakun. Muhawarar farko an yi ta ran Talata, 13 ga Oktoba, a Las Vegas, mutum kimanin miliyan 15 suka kalla. Ta biyu sai aka kai ta daren Asabar, 14 ga Nuwamba, daren da Ba'amurke ya fi ƙaurace wa akwatin talabijin, masu kallo suka zube zuwa wajen miliyan 8 da rabi. Ta uku ma Asabar, 19 ga Disamba, saura kwana shida Kirsimeti, mutane na can kasuwanni da filayen jirgi. Ta huɗu Lahadi, 17 ga Janairun 2016, a tsakiyar dogon hutu. Ya kai mai karatu, idan mai gari ya ce zai saurari ƙarar talakawa amma ya sa zaman a ranar da kowa ya tafi girbi, shin ka ce ya hana su magana? Bai hana ba. Shin ka ce ya saurare su?

Martin O'Malley, tsohon gwamnan Maryland, ya fito fili a taron jam'iyyar ya ce an shirya abin ne don a fifita mutum guda. Aka ce kukan wanda ya ga faɗuwa ne. Daga baya, bisa matsin lamba, an ƙara wasu muhawarorin, wannan gaskiya ne, kuma ba mu ɓoye shi. Sai ga watan Yulin 2016, WikiLeaks ta bankaɗo wasiƙun cikin gida da suka nuna yadda wasu jami'an uwar jam'iyya ke ƙyamar Bernie Sanders, har ta kai shugabar ta yi murabus ana gobe babban taro a Filadelfiya. Wadda ta gaje ta kuwa, Donna Brazile, ita ma aka gano ta riga ta tsegunta wa ɓangaren Clinton wasu tambayoyi kafin a hau dandamali, abin da ta amsa da kanta a 2017. A makarantunmu wannan sunansa satar jarrabawa.

Kada wani ya zaci 'yan Rifablikan sun fi tsarki. A Agustan 2015 gidan talabijin na Fox News ne ya tace 'yan takara 17, ya ɗora goma a babban dandamali da daddare, ya tura sauran bakwai zaman la'asar gaban kujeru kusan wayam, bisa ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi wata shida kafin kowa ya jefa ƙuri'ar gaske. A 2023 kuma jam'iyyar ta ce ba mai hawa sai ya kawo mutum 40,000 da suka ba shi gudummawa. Nan take Doug Burgum, gwamnan Dakota ta Arewa a lokacin, kuma hamshaƙin attajiri, ya yi shelar cewa duk wanda ya ba shi dala 1 zai mayar masa da katin sayayya na dala 20. Kuma ya hau! Da a nan aka yi haka da mudun shinkafa, da jaridun Turai sun cika shafi da labarin jahilcin baƙar fata. Shi kuwa Donald Trump, da ya ga ya yi wa sauran fintinkau, ko muhawara ɗaya bai taka ba a duk kakar, ya bar su suna yagar juna, ya ɗauke tutar abinsa.

Sharaɗin ma ga talaka yake da ƙarfi. Dimokarat sun kori 'yan takara da dama daga dandamali a 2019 saboda rashin cika adadin masu gudummawa, amma da Michael Bloomberg ya shigo da dukiyarsa, sai aka soke sharaɗin a Janairun 2020, ya hau a Fabrairu.

Mafi muni shi ne na 2024. Joe Biden ya nemi a sauya jerin jihohi, aka ture Iowa da New Hampshire, inda ya sha mummunan kaye a 2020, aka sa Karolina ta Kudu gaba, jihar da ta tsamo shi a wancan karo. Muhawara kuwa uwar jam'iyya ba ta shirya ko ɗaya ba. Masu kare su za su ce ai al'ada ce, shugaba mai ci ba ya muhawara da 'yan gida, kuma 'yan Rifablikan ma sun soke zaɓen fid da gwani a wasu jihohi a 2020 saboda Trump. Mun ji. Amma yawan masu aikata ɓarna ba ya mayar da ita daidai, kuma ga sakamakon: an ɓoye wa jama'a halin da dattijon yake ciki, sai ran 27 ga Yuni a Atlanta duniya ta gani da idonta, bayan an gama kaɗa ƙuri'u. Ran 21 ga Yuli ya janye, aka miƙa tutar ga Kamala Harris, wadda ba ta tsaya zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a ko da jiha guda ba a wannan shekara.

Wannan rufe ƙofa ta shafi 'yan'uwanmu kai tsaye. Lokacin da ake ruwan wuta a kan mutanen Gaza, babu wani dandamali da za a tsayar da Biden a tambaye shi dalilin tura makamai. Don haka Musulmi da Larabawan jihar Mishigan, tare da masu tausaya musu, suka bi 'yar ƙofar da ta rage: ran 27 ga Fabrairun 2024 sama da mutum 100,000 suka dangwala wa gurbin da ke nufin ba su miƙa wuya ga kowa ba. Da aka zo babban taron Shikago a watan Agusta, wakilansu suka roƙi a ba Bafalasɗine guda ɗaya 'yan mintoci ya yi jawabi a cikin kwana huɗu na taron. Aka ce babu wuri. A bakin zauren suka kwana.