Filin Kalmomin Turanci: Kalmar "Mediated"

Wani akawu daga cikin masu karanta jaridan nan ya aiko mana da takarda. Ya ce an ba shi wani rahoto ya juya zuwa Hausa, ya tarad da kalmar mediated a ciki, sai ya rubuta "ya yanke musu hukunci". Abokin aikinsa ya ce ba haka ba ne, gardama ta yi tsawo, suka ce a kai wa Edita ya raba. To, malam akawu, sai haƙuri, abokin naka ke da gaskiya, kuskuren kuwa ba ƙarami ba ne.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda medius ke nufin tsakiya. Mediate, watau mutum ya shiga tsakanin waɗansu masu husuma domin ya sasanta su. In an daɗa harafin d a ƙarshe, aikin ya riga ya wuce ke nan, ana kuwa faɗinta kamar "midiyetid". Malamanmu na Arabiyya ba za su sha wuya ba a nan, gama hanya ɗaya harsunan biyu suka bi: wasaɗ shi ne tsakiya, wasiɗ kuma mai shiga tsakani. Ko sunan Bahar Rum da Turanci, Mediterranean, daga tushen nan ya tsiro, watau tekun da ke tsakiyar ƙasa.

Abin da ya kamata kowane mai fassara ya riƙe shi ne, mai shiga tsakani ba shi da sanda. Ku dubi dillali a kara. Ya je wajen mai saniya ya ce sassauta, ya komo wajen mai saye ya ce ƙara, ya lallashi wannan, ya kwantar da wancan, amma in mai dabba bai ce ya sallama ba, babu ciniki, ko dillalin ya kwana yana magana. Alƙali kuwa in ya yanke, ya yanku, kana so ba ka so, wannan shi ne judged. Akwai kuma na uku, arbitrated, inda masu husuma da kansu ke zaɓen mutum, su ɗau alkawari tun da fari za su bi abin da ya faɗa. Shi ne malamai ke kira tahkimi. Kun ga kalmomi uku ke nan, kowace da gidanta.

Maganar Bakasi ta isa misali. Kamaru ta kai Nijeriya ƙara gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg cikin 1994, kotu ta ba Kamaru yankin ran 10 ga Oktoba, 2002. Wannan hukunci ne. Amma takardar hukunci ba ta kwashe soja da kanta. Sai da Kofi Annan, Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya yi ta zama da Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya, har suka sa hannu kan yarjejeniyar Girintiri a Amurka ran 12 ga Yuni, 2006, sa'an nan aka ƙarasa miƙa yankin cikin Agusta, 2008. Aikin kotu judged, aikin Annan mediated. Akawun da ya gauraya su ya mai da mai lallashi alƙali. A ƙauye kuwa, in aka rubuta dagaci ya yanke wa manomi da makiyayi hukunci alhali sulhu ya yi musu, ɗayansu zai tashi yana ganin an kā da shi, ya nufi ɗaukaka ƙara a kan shari'ar da ba a taɓa yi ba, rigimar da aka binne ta tonu.

Har wa yau akwai wani tarko. A duba abin da ya biyo bayan kalmar. In an ce mediated between, shiga tsakani kaɗai aka faɗa, ba a ce an dace ba. Janar Ankrah na Gana ya tara Gowon da Ojukwu a Aburi ran 4 da 5 ga Janairu, 1967, ya shiga tsakaninsu da kyakkyawan nufi, duk da haka yaƙi ya ɓarke cikin Yuli na shekarar. Amma in an ce mediated a settlement, ko mediated the peace, to sulhun ya ƙullu a hannunsa, kamar yadda Shugaba Tiyodo Rusabel na Amurka ya sasanta Rasha da Japan cikin 1905. Na fari a juya shi "ya shiga tsakani", na biyu "ya sasanta su". Kada a ba mutum ladan sulhun da bai samu ba.

Masu karatun littattafan kimiyya za su gamu da ita da wata fuska, mediated by ko mediated through. Nan babu husuma, nufinta abu ya iso ta hannun wani, ko ta wata hanya. Dattawanmu sun san wannan tun zamanin da talaka ba ya magana da Di'o sai ta bakin tafinta, sun kuma san abin da kan salwanta a hanya. Kishiyarta ita ce immediate, abin da babu kome a tsakani, shi ya sa ake fassara ta "nan take".

Masu buga tafireta kuma su lura da wata mai kama da ita, meditated. Harafin t guda ne ya raba su, amma ita tunani mai zurfi take nufi, irin na wanda ya kaɗaita cikin halwa. In t ɗin nan ya kutsa, rahoto zai nuna hakimi ya zauna yana tunani, alhali ya yini yana kai da komowa tsakanin garuruwa biyu.

Wanda ke da wata kalma da ta shige masa duhu ya aiko, ya haɗa da jimlar da ya same ta a ciki. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.