Tsananta hukunci kan masu laifi cikin motocin haya: abin da ya faru a Indiya

Duk sa'ad da aka yi wani mugun aiki cikin motar haya, kukan da ke fara fitowa daga bakin jama'a ɗaya ne: a tsananta hukunci, a rataye mai laifi. Mu ma ba mu ga laifin mai wannan kuka ba, domin fasinja amana ne a hannun direba. Amma kafin a ɗauka cewa sabuwar doka ita ce magani, ya kamata mu dubi ƙasar Indiya, wadda ta bi wannan hanya har ƙarshenta.

A daren 16 ga Disamba 2012, wata ɗaliba ƴar shekara 23 da abokin tafiyarta suka shiga wata bas a birnin Delhi. Mutum shida da ke ciki, har da direban, suka yi mata fyaɗe, suka lakaɗa musu duka da sandar ƙarfe, sa'an nan suka jefar da su bakin hanya. Ta rasu ranar 29 ga watan a wani asibitin Singafo. Zanga-zanga ta cika birnin, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon babban alƙalin ƙasa J. S. Verma, wanda ya miƙa rahotonsa ranar 23 ga Janairu 2013. Kwamitin bai goyi bayan hukuncin kisa kan fyaɗe ba, amma ƴan majalisa suka sa shi cikin dokar 2013, idan matar ta mutu ko ta faɗa doguwar suma. Fyaɗen taron dangi kuwa, mafi ƙarancin hukuncinsa ya koma shekara 20 a gidan kaso.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mutum huɗun da aka rataye ranar 20 ga Maris 2020 a kurkukun Tihar, ba sabuwar dokar ce ta kai su ga igiya ba, tunda doka ba ta komawa baya. Da laifin kisan kai aka yanke musu hukunci, a ƙarƙashin tsohuwar doka. Wato igiyar tana nan rataye a daren da suka tada motar, kuma ba ta tsoratar da su ba.

Abin da ya ba su dama wani abu ne daban. Motar ta ɗaukar ƴan makaranta ce bisa kwangila, ba ta da izinin kwasar fasinja a titi. Gilasanta baƙaƙe ne, da labule, alhali tun watan Afrilu na shekarar kotun ƙoli ta hana manna baƙar leda a gilashin mota. A daren ma sun riga sun yi wa wani kafinta fashi cikin wannan motar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tsayar da ita, da akwai mai tsayarwa.

Shekara biyu bayan haka, a Disamba 2014, wani direban Uber ya yi wa wata fasinja fyaɗe a Delhin, sai daga baya aka gano an taɓa zarginsa da irin wannan laifi. Ɗaurin rai da rai da aka yi masa a 2015 daidai ne, sai dai wanda ya ba shi aiki bai binciki tarihinsa ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna ƙarar fyaɗe kusan 25,000 a 2012, sama da 31,000 a 2022. Ƙaruwar na iya zama alamar mata sun fi samun ƙarfin halin kai ƙara, amma cikin shari'o'in da ake kammalawa, waɗanda ake samu da laifi ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mugu yana lissafi da wannan, ba da yawan shekarun da ke rubuce a littafi ba.

Mu nan Nijar mun san bambancin rubutu da aiki: hukuncin kisa yana cikin dokokinmu, amma rabon da a zartar da shi tun 1976. Saboda haka idan aka taso da maganar tsaron matafiya, tambayoyin da suka fi damun mai shiga taksi ko adaidaita da dare su ne: wa ya san direban nan, lambar motar tana rubuce a wani wuri, kuma jandarman da ke shinge yana leƙa ciki ko takardu kawai yake karɓa?

Indiya ta gwada wannan ɓangaren ma, amma da sanyin jiki. An wajabta wa sababbin motocin haya na'urar nuna inda suke da maɓallin neman agaji daga Janairu 2019. A Delhi an zuba masu gadi cikin bas-bas tun 2015, mata da yawa sun yaba. A ƙarshen 2023 aka sallami kusan 10,000 daga cikinsu, saboda gardama tsakanin hukumomi kan yadda aka ɗauke su aiki da kuma asusun da za a biya su albashi.