Malami Da Kunyar Faɗin Farashi

A zangunanmu na Gana, daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Asawase da Aboabo a Kumasi, da wuya a sami malamin da albashi kaɗai ke riƙe masa gida. Wani yana bin gidaje bayan la'asar yana koya wa yara lissafi ko Larabci, wani yana da rumfar MoMo, wata malama tana ɗinki, wata kuma hijabi da turare take sayarwa. Duk sana'o'in halal ne. Sai dai da yawansu suna shan wahala shekara da shekaru ba tare da sana'ar ta tsinana musu komai ba. A ganinmu babban dalili shi ne malami yana jin kunyar faɗin kuɗin aikinsa.

Kowa ya san yadda zancen yake tafiya. Uba zai ce, "Malam, nawa za mu riƙa bayarwa a wata?" Malam zai sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai yaran namu ne, a ba da abin da ya sawwaƙa." Abin da ya sawwaƙa kuwa ba shi da adadi, ba shi da ranar biya. Wata na farko a kawo, na biyu a manta, na uku Malam ya fara ƙorafi a zuci, sai zumuncin da aka ji tsoron ɓatawa ya lalace ta wata hanyar.

Wannan kunya gadonta muka yi daga makarantar allo, inda ilimi yake ibada, kuma abin da ake kai wa malami, kamar kuɗin Laraba, sadaka ce ta neman albarka. Tsari ne mai kyau a zamaninsa, domin unguwa ce take ɗauke da malaminta: a kai masa hatsi, a yi masa ɗinkin sallah, a taya shi noma. Yau malamin zango yana biyan hayar ɗaki, sau da yawa ta shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, yana sayen wuta da ruwa kamar kowa. Tallafin ya tafi, kunyar ce kawai ta saura.

Kuma ko a da, malamanmu ba su ɗauki ciniki abin ƙasƙanci ba. Hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja ita ce ta kawo malamai da littattafansu Salaga. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karachi a 1934, cikin ayarin fatake ya san wannan ƙasa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. A ɓangaren fiƙihu ma, malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyarwa, har Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan ya yi magana a kan ladan malami a littafinsa Adabul Mu'allimina fiye da shekaru dubu da suka wuce. Idan an yarda da haka a kan karatun Alƙur'ani, ina dalilin jin nauyi a kan darasin Turanci ko ɗinkin riga?

Farashi lissafi ne, kuma malami ya fi kowa sanin lissafi. Mu ɗauki misali. Malam ya amince da sidi 300 a wata domin ya koyar da yaran wani gida sau uku a mako, wato zuwa 12. In kuɗin mota zuwa da dawowa sidi 10 ne, sidi 120 sun tafi a hanya, saura 180. Kowane zuwa yana cin awa biyu na karatu da awa ɗaya a cikin cunkoso, jimla awa 36. Ashe Malam yana sayar da awarsa a kan sidi 5, ba a ma sa lokacin shirya darasi da duba aikin yara ba. Wanda ya zauna ya yi wannan lissafi a takarda ba zai sake cewa a ba da abin da ya sawwaƙa ba.

Haka abin yake ga malama mai sayar da kaya. Ta saro hijabi, ta ɗora riba kaɗan, abokan aiki suka kwashe da alkawarin sai ƙarshen wata. Kafin kuɗin su dawo, farashin sari ya tashi. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ma'ana abin da aka saya sidi 100 a shekarar da ta gabata ya koma kusan 154. Duk wanda ya bar farashinsa a inda yake a irin wannan lokaci, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce. Don haka a auna farashi da kuɗin da za a sake sarin kaya da su, a riƙa duba shi kowane zangon karatu, a ware asusun sana'a daga na cefane, a kuma rubuta bashi komai ƙanƙantarsa.

Za a ce mana iyayen zango talakawa ne, in malamai suka tsaya kan farashi ɗan maraya ba zai yi karatu ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce a raba sadaka da ciniki. Malam ya tsayar da farashinsa ga masu hali, sannan ya zaɓi yaro biyu ko uku ya koyar da su kyauta don Allah, da niyya da sani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: malamin da sana'arsa take ciyar da shi shi ne zai iya ɗaukar maraya shekara biyar bai gaji ba. Wanda kowa yake ci da araha kuwa, ƙarshensa ya ajiye alli ya nemi wata hanya, unguwa ta yi asarar malami.

Akwai iyaka guda da ba za mu yi shiru a kanta ba. 'Yancin sa farashi yana bakin ƙofar aji ne ya tsaya. Malamin da yake rage karatu da safe domin yara su biya shi da yamma, ko yake tilasta wa ɗalibansa sayen takardunsa da barazanar maki, ya ci amanar da ake biyansa albashi a kanta. Irin wannan ne yake sa iyaye zargin duk malamin da ya ambaci kuɗi.

Mu iyaye da shugabannin zango kuma da namu kason. Ba ma ce wa makaniki ko mai walda ya karɓi abin da ya sawwaƙa, to bai kamata mu bar malami da wannan kalma ba. In Malam ya yi kara, mu matsa masa ya faɗi adadi, mu sa ranar biya, mu cika ta ba sai ya aiko yaro ba. Malamai kuma a wannan mako su ɗauki takarda da biro, su fitar da kuɗin awarsu ɗaya, su ga ko ya kai abin da za su iya faɗa wa iyalinsu. Allah Ya sa albarka a neman kowa.