Ƙyallen Oktoba Ya Iso, Ina Katin?

Da Oktoba ta kama, za ka ga ƙyallen nan ruwan hoda ya cika Facebook da Instagram, kamfanoni kowa na liƙa shi a tallarsa. To ka san wadda ta yayata shi?

Sunanta Evelyn Lauder. An haife ta a Biyana a 1936, iyayenta suka tsere wa 'yan Nazi da ita har Amurka. Ta yi koyarwa, ta auri Leonard Lauder a 1959, ta shiga kamfanin kayan kwalliya na surukarta, Estée Lauder, ta kai babban muƙami. A 1989 aka gano tana da sankarar mama.

A 1992 ita da Alexandra Penney, editar mujallar Self, suka fito da ƙyallen. Aka riƙa raba shi a kantunan kamfanin haɗe da kati mai koya wa mace yadda za ta duba mamanta da kanta. A 1993 ta kafa gidauniyar tara kuɗin bincike kan cutar. Kamfanin ya ƙara suna da wannan, ba musu, 'yar kasuwa ce ai. Amma macen da ta shigo sayen jan baki ta fita da ilimi.

Yanzu fa? Ƙyalle ya yawaita, kati ya ɓace. A nan mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, saboda kunya da tsadar gwaji. In ka ga kamfani ya saka hoton ƙyallen bana, tambaye shi mata nawa ya biya wa kuɗin gwaji.

Evelyn ta rasu a 2011, sankarar ƙwan mahaifa ce ajalinta.